Darasi na Goma Sha Ɗaya: Yadda Talakawa Ke Sa Hukuma Ta Gyara

Duk wanda ya haura shekara sittin a ƙasar Dambatta, ko Bichi, ko Dawakin Tofa, ko Minjibir, ya san haraji da idonsa. Matasan ajin nan kuwa sai dai labari. Saboda haka idan akwai dattijo ko dattijuwa a cikinku, a saurara masa ya faɗi abin da ya gani, sannan a gwada da abin da ke rubuce a nan.

Da kaka ta kama, an yanke gero, an cire gyaɗa, sai umarni ya fito daga gidan hakimi ya sauka gidan dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni. Akwai littafi mai ɗauke da sunan kowane baligi namiji, kuma littafin nan ba ruwansa da ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Mai gida zai biya nasa, ya biya na samarin gidansa. A ƙasa irin tamu, inda gida ke kallon gida, gonar mutum 'yar kaɗan ce, ba a iya barin ta ta huta ko da shekara guda sai dai a yi ta ɗura mata taki, kuɗin nan ba ƙaramin nauyi ba ne. Wani ya fitar da damin da ya ajiye don bazara ya sayar daidai lokacin da hatsi ya fi arha, ya dawo ya saye shi da tsada a watan da ake noman farko. Wani ya lallashi matarsa ta ba shi akuyarta. Wani ya jinginar da gona, wani ya saɓa buhu ya tafi cirani. Wanda ya kasa, dogari ya taso ƙeyarsa, a shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci, 'ya'yansa na kallo. Wanda ya biya kuma sai ya ninke rasit ya cusa a cikin hula, don ana iya tare shi a hanyar kasuwa a ce ya nuna.

Yau babu mai bin gida-gida da wannan littafi. Idan aka tambaya wa ya hana, yawancin mutane za su ce Rimi. Gaskiya ne, a watan Oktoba na 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali, suna hawa mulki. Amma amsar ba ta cika ba. Su biyun sun sa hannu ne a ƙarshen wani aiki da talakawa suka daɗe suna yi.

Shekara ashirin da tara

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da aka fi sani da ta 'yan Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Mudi Sipikin, da wani matashi ɗan wannan yanki namu, Magaji Dambatta. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru a lokacin. Ya ajiye aiki ya dawo gida, a 1953 ya zama shugabanta. Takardar manufofin jam'iyyar ta faɗa ƙarara cewa ceton talaka aikin talaka ne da kansa.

Zamanin En'e ne, wato hukumar mulkin sarakuna. En'e ke da 'yan doka, ita ke da gidan yari, ita ke naɗa alƙali ta biya shi albashi, ita ke karɓar haraji. Wanda ya cuce ka, kotunsa za ka kai ƙara. Don haka shiga NEPU a ƙauye ba wasan yara ba ne. A ce mutum ya yi lacca ba da izini ba, ko a ce ya ci mutuncin sarauta, alƙali ya yanke masa watanni, wani lokaci har da bulala. A ƙara masa kuɗin haraji, a matsa masa a kasuwa, dangi su fara gudun sa. Duk da haka teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da manoma suka riƙa sayen katin jam'iyya da kuɗin aljihunsu. Ɗan koli ya ji magana a kasuwar yau, gobe ya sauke ta a wata kasuwar. Wanda ya iya boko ya karanta wa waɗanda ba su iya ba jarida a gindin bishiya.

A zaɓen 1951 suka sha kaye irin mai karya zuciya. Zaɓe ne na hawa-hawa, kuma NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma doka ta bai wa En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe. Da aka gama tankaɗe da rairaya, ko mutum ɗaya na NEPU bai kai majalisar Kaduna ba. Maimakon su watse, sai suka ƙara buƙata a kan buƙatunsu: a yi zaɓe kai tsaye, a jefa ƙuri'a a asirce. A 1959 aka yi haka, Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Ikko.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba, ko ta Jihar Arewa ko ta tarayya, har sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966. Amma abubuwan da take nema sun yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya, ta hannun wasu. Tun a watan da aka kafa ta, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama jigo a jam'iyyar da ke gaba da ita, ya kai ƙuduri majalisar Kaduna yana neman a gyara tsarin En'e. A 1968 aka ƙwace kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin gwamnatin jiha, 'yan doka da gidajen yari kuma suka koma hannun tarayya. A 1976 aka rushe En'e baki ɗaya, aka kafa ƙananan hukumomi. Sojoji ne suka zartar da waɗannan, amma ba su suka ƙago su ba. Sun tarar da maganar ta riga ta nuna a bakin jama'a, ga shi kuma Malam Aminu da kansa ya yi kwamishina a gwamnatin Janar Gowon. Da masu matsawa daga waje, da masu turawa daga ciki, aka taru aka yi.

Matan ajin nan su san cewa iyayensu mata ba su jefa ƙuri'a a 1959 ba, domin a Arewa maza kaɗai doka ta yarje wa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana da makamantanta, har an taɓa korar ta daga Kano. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 da babban zaɓen 1979 matan Arewa suka shiga layi. Zaɓen 1979 ɗin ne ya kawo PRP, magajiyar NEPU, a Kano da Kaduna. Daga 1950 zuwa lokacin, shekara 29 ke nan, kuma da yawa daga waɗanda aka tsula wa bulala ba su ga ranar ba. Ajin da kuke zaune a ciki ma daga can ya samo tushe: a 1980 gwamnatin Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda ta sami lambar yabo daga UNESCO a 1983.

Kada a ɓoye ɗaya gefen. PRP na hawa mulki ta dare gida biyu, santsi da taɓo, aka bar maganar talaka aka koma ta wane ya fi wane. A watan Yuni na 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli, 1981, tarzoma ta ɓarke a Kano bayan gwamnati ta aika wa Sarkin Kano takardar tuhuma, aka ƙone gine-gine, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai bai wa gwamna shawara kan siyasa. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, jam'iyyarsa na rarrabe.

Kuɗin wa ake kashewa?

Soke haraji alheri ne, amma ya bar wani tabo da ba a cika faɗa ba. Mutumin da ya sayar da akuya ya biya kuɗi ya san kuɗinsa ne a baitulmali, kuma yana jin zafinsu. Da aka daina karɓa a hannu, sai muka fara cewa "kuɗin gwamnati", kamar wasu kuɗi ne da suka faɗo daga sama. Ciyaman ya gina aji biyu, mu tara makaɗa mu ce ya taimaka mana. Ya ƙi ginawa, mu ce Allah ya isa, mu tashi.

To, har yau kuna biya. Duk katin waya da kuka saya, duk buhun siminti da bandir ɗin kwano, akwai harajin kayan masarufi a ciki, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairu na 2020. Ga kuɗin rumfa a kasuwa, ga na tasha, ga na dabbar da aka sayar a kara. Ga kuma kuɗin man fetur, wanda na 'yan ƙasa ne duka. Kowane wata ana zama a Abuja a raba abin da aka tara tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi 774, cikinsu har da 44 na Kano, kuma ana buga abin da kowace ta samu. Duk mai wayar da ke hawa intanet zai iya dubawa. Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce mulki na jama'a ne, kuma tsaron mutane da jin daɗinsu shi ne aikin gwamnati na farko. Wanda ya tambayi inda kuɗin suka shiga bai yi rashin kunya ba.

Shekaru da dama kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamnoni kuma na naɗa kantomomi a inda Tsarin Mulki ya ce a yi zaɓe. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai za a bai wa. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Kun ga ke nan abin da aka samu a 1976 sai da aka sake neman sa bayan kusan shekara hamsin. Gyaran hukuma tamkar gona yake: wanda ya yi noman farko ya ƙi komawa maimai, ciyawa ya yi wa aiki.

Ginin da ya tsaya a linta

Mu sauko ƙasa. A ce a gundumarku an fara ginin ɗakin haihuwa a asibitin sha-ka-tafi. Aka kai linta, ɗan kwangila ya kwashe kayansa, damina biyu ke nan shiru kake ji. Awaki sun mai da wurin makwanci. Kullum ana maganar a majalisar mai shayi, a wajen suna, a bakin rijiya. Shekara goma za a iya yi ana wannan gunaguni ba a ɗora bulo ɗaya ba, domin gunaguni ba shi da adireshi.

Abu na farko, a tsayar da magana ɗaya. Jama'ar da suka je gaban hukuma da hanya da ruwa da taki da wuta da aikin yi a lokaci guda, alƙawari za su dawo da shi, don mai amsa musu ya san ba wanda zai iya bin sawun abu biyar. A ce ɗakin haihuwa, a tsaya a kansa har a ga rufi.

Sannan a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mutane da yawa kan je su zazzage wa kansila fushinsu a kan titin Kano zuwa Katsina da ya ratsa Bichi, ko na Daura da ya bi ta Dambatta, alhali titunan tarayya ne. Ƙaramar hukuma ita ke da kasuwanni da tashoshi da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da maƙabartu da rajistar haihuwa, kuma tana da hannu a makarantar firamare da ilimin manya da kiwon lafiya a matakin farko. Malaman gona na KNARDA ne, ita kuwa ta jiha ce. Hanya mafi sauƙi ta gane mai aikin ita ce allon da ake kafawa a bakin gini. Ku je ku tsaya a gabansa, ku karanta shi layi-layi, ko da zai ɗauke ku rabin awa: sunan aikin, hukumar da ta bayar, sunan kamfanin, wani lokaci har da ɗan majalisar da ya kawo shi. A kwafe a littafi, a ɗauki hoton allon da na ginin. Allunan nan kan ɓace da zarar an fara tambaya.

Kada ku fara da kafa sabuwar ƙungiya mai dogon suna da shugabanni goma sha biyu. Akwai kwamitin ci gaban gunduma da ke kula da harkar asibiti, akwai kwamitin kula da makaranta, akwai ƙungiyar manoma, da ta matasa masu aikin gayya, da matan da ke zubin adashi. Su za a tasa. A sanar da mai unguwa da dagaci da liman tun farko, cikin ladabi. Dagacin yau ba mai karɓar haraji ba ne, kuma sau da yawa shi ma abin na damun sa. Sai dai kada a ɗora masa kayan shi kaɗai, don yana da na gaba da shi, waya ɗaya za a buga masa ya yi sanyi. Mata kuwa a sa su gaba a wannan magana, su suka san wadda ta haihu a bayan a-kori-kura a hanyar asibitin Bichi ko na Dambatta, da ranar da abin ya faru.

Daga nan sai takarda. Ga samfuri, gajere, ba zagi, ba kirari:

Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar ……
Ta hannun Kansilan Gundumar ……
Ranka ya daɗe,
Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu mazauna gundumar …… muna sanar da kai cewa ginin ɗakin haihuwa da aka fara a asibitinmu a watan …… na shekarar …… ya tsaya a linta, ba rufi, ba ƙofa. Allon aikin ya nuna kamfanin …… aka bai wa. Matanmu na tafiyar kilomita …… kafin su sami inda za su haihu. Muna roƙon a sanar da mu a rubuce nawa aka ware, nawa aka biya, da ranar da za a dawo aiki. Za mu dawo ranar …… don jin amsa. Hotuna da sunayenmu da sa hannunmu na biye.

Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. A yi kwafi biyu. Idan an kai sakatariya, a miƙa ɗaya a ofishin karɓar takardu, a roƙi ma'aikacin ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi gida a adana a leda. Wannan ɗan hatimi shi ne ke hana a ce muku gobe "ai ba mu ga takardarku ba". Ranar da kuka ce za ku dawo, ku dawo, ko da ana ruwa. Ofisoshi sun saba da masu zuwa sau ɗaya. Mai zuwa na uku da na huɗu ne ake fara tambayar sunansa.

A nan ne kuma ake yin tuntuɓe. Wata rana za a kira shugaban tawagarku gefe, a ce ga kuɗin mota. Idan ya karɓa, magana ta mutu, kuma ba ita kaɗai ba, har da yardar da ke tsakaninku. Maganin abin tun kafin ya faru ake yin sa: a yi karo-karo a biya kuɗin motar daga aljihun jama'a, kada mutum ɗaya ya shiga ofis shi kaɗai, kuma duk wanda aka aika ya dawo ya ba da bayani a bainar jama'a a ranar. A kuma kiyayi ɗan siyasar da zai zo ya ce zai ɗauki nauyin tafiyar. Da ya ɗauka, kokenku ya zama na jam'iyya, rabin garin ya janye.

Idan an yi kunnen uwar shegu da ku, akwai sauran ƙofofi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ta bai wa kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Dokar ta tuna da wanda bai iya rubutu ba: yana iya sa wani ya nema a madadinsa. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce kaɗai, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilu na 2025 cewa ta hau kansu su ma. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano. Akwai ɗan majalisarku na jiha, ɗaya daga cikin 40, da zaman jin ra'ayin jama'a da majalisa kan yi a kan kasafin kuɗi a ƙarshen shekara. Akwai rediyo, tun da Freedom ta buɗe a 2003 gidaje masu zaman kansu suka yawaita a Kano, kuma jami'in da ya ƙi karanta takarda yakan ji sunan ofishinsa a shirin dare. Amma ku je rediyo da kwafin nan mai hatimi da hotuna, ku faɗi abin da za ku iya rantsuwa a kai. Zagi aikin sojojin baka ne, su kuma biyan su ake yi.

Kada ku ɗauka wannan hanya tatsuniya ce. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu. Garin Bagega na ƙaramar hukumar Anka ya daɗe yana jiran a kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin likitoci sun ce magani ba zai yi amfani ba matuƙar yara na komawa wasa a cikinta. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin kuɗi a 2012, suka maƙale. Wasu matasa, cikinsu da Hamzat Lawal, suka fara bin sawun kuɗin da sunan Follow The Money, suka ɗauko muryoyin mutanen garin da hotunansu suka baza wa duniya, suna maimaita tambaya ɗaya: ina kuɗin Bagega? A watan Janairu na 2013 aka saki kuɗin, aka fara aiki.

Ranar zaɓe da bayanta

Duk takardun nan suna da nauyi ne saboda mai karanta su ya san kuna da katin zaɓe. Kanawa sun kayar da gwamna mai ci a 2003, 'yan Nijeriya sun kayar da shugaban ƙasa mai ci a 2015, a 2023 kuma jam'iyya mai mulki ta faɗi a Kano. Kun san taken da ake yi: a kasa, a tsare, a raka. Doka ta ce a ƙirga ƙuri'a a rumfar da aka jefa ta, a faɗi sakamako da ƙarfi, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafi. Wanda ya jefa ya tafi gona kafin a ƙirga, rabin aiki ya yi.

Game da taliya da atamfa da 'yan kuɗin da ake rabawa a bayan rumfa, ba sai an yi wa'azi ba, lissafi ya isa. A ce an ba ka naira 5,000. Raba ta da kwanakin shekara huɗu, ba ta kai naira huɗu a rana ba. Gari kuwa da ya taru ya ce wa kowane ɗan takara, na kowace jam'iyya, ya zo zaure ya faɗi ranar da zai rufe ɗakin haihuwa, a naɗi muryarsa a waya, ya sami abin da zai tuna masa da shi. Idan ba a gamsu da kowa ba, tun daga 31 ga Mayu, 2018, ɗan shekara 25 na iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Matasa ne suka yi ta zarya a majalisu har aka rage daga 30.

Akwai wuraren da ƙofar ke da nauyi, gara ku sani. Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, kuma a Kano, kamar a yawancin jihohi, jam'iyyar da ke gidan gwamnati ce ke lashe duka 44, ko wace ce ita. Wannan kansa abin nema a gyara ne. Kiranye kuma yana cikin Tsarin Mulki, sashe na 69 da na 110, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Har yau ba a taɓa dawo da ɗan majalisa gida ta wannan hanya ba. Kiranyen da aka gwada a Kogi ta Yamma a 2018 a wajen tantancewa ya rushe.

Saura zanga-zanga. Haƙƙi ce, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 2007 ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana. Shari'ar ma ta samo asali ne daga wani gangami da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a Kano a 2003. A Janairun 2012, da aka ɗaga litar mai daga naira 65 zuwa 141, jama'a sun fito da buƙata ɗaya, da ƙungiyoyin ƙwadago a gaba, gwamnati ta sauko zuwa 97. Zanga-zangar Agustan 2024 kuwa a Kano ɓata-gari suka shige ta, aka fasa shaguna da ofisoshi, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita, yara ƙanana suka yi watanni a tsare. Yunwar da ta fito da mutane gaskiya ce, amma taron da ba shi da sanannun jagorori da za su ce a tsaya a tsaya, ɗan daba ne ke gaje shi. Ku ajiye wannan makami sai an ƙure sauran, kuma kada a tura yara gaba.

Aikin aji

A raba aji gida uku. Rukuni na farko su nemi dattijon da ya taɓa biyan haraji ko ya yi NEPU ko PRP, su rubuto abin da ya faɗa cikin layi goma, da izininsa. Na biyu su zaga gunduma su kwafo duk abin da ke jikin allon aiki guda ɗaya, su faɗi ko aikin na tarayya ne, ko na jiha, ko na ƙaramar hukuma, da halin da yake ciki yanzu. Na uku su zaɓi matsala ɗaya tak, su cike samfurin takardar da ke sama da hannunsu. A mako mai zuwa za a karanta takardar a gaban aji, a gyara kurakuran rubutu, sannan ku yanke shawara ko za a kai ta, da su wa za su kai, da ranar da za a koma jin amsa.